Kiɗan minti 40 a kasuwar sakan 30

Kowane mako sabbin faya-fayai na fitowa daga makaɗan da ba ruwansu da amshi ko rawa. Wani ya naɗi ƙarar ƙarfe da kukan iska ya sarrafa su a kwamfuta, wata ta zauna gaban fiyano ita kaɗai, wasu kuma su haɗa kayan tsirkiya da na'urorin lantarki har kunne ya kasa rarrabe wanne ne ke magana. Shi ake kira kiɗan gwaji. Yawancinsa babu baitin waƙa ko ɗaya, kuma sau da yawa kiɗa guda ne ke cinye faifan kaf, minti 30 ko 40 ba tsayawa. A ganina wannan tsawon shi ne ran abin, kuma yadda ake biyan makaɗa a yau yana neman ya gutsuttsura shi.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Tun a 1944 Halim El-Dabh, wani matashi ɗan Masar, ya naɗi muryoyin mata a taron zar, wani bikin warkarwa mai kama da bori, a Alƙahira, ya shiga ɗakin rediyo ya sarrafa su har suka koma wani sauti daban. Bayan shekara huɗu, a 1948, Pierre Schaeffer ya yi kiɗa da ƙarar jiragen ƙasa a birnin Paris, kuma a 1958 ya kafa cibiyar binciken kiɗa ta GRM da har yanzu take aiki. Darasin da waɗannan mutane suka bar wa na baya shi ne duk wani sauti na iya zama kayan kiɗa idan aka ba kunne lokacin da zai saba da shi.

Lokacin nan fa shi ne jarin. Waƙar rawa takan nuna maka fuskarta tun a sakan goma na farko, ka so ta ko ka wuce. Kiɗan gwaji kuwa a hankali yake buɗewa. Amo ɗaya zai daɗe yana tafiya har ka ɗauka ba abin da ke faruwa, sai a minti na takwas ka farga ashe ya rabu gida biyu, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, suna gogar juna. Wanda ya shigo daidai wurin bai ji komai ba, domin daɗin yana cikin tuna inda aka faro. A 1988 makaɗiya Ba'amurkiya Pauline Oliveros da abokan aikinta biyu sun sauka cikin wani tsohon tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa a jihar Washington ta Amurka, inda amsa-kuwwa ke ɗaukar kusan sakan 45 kafin ta mutu, suka naɗi faifai a ciki. A irin wannan wuri, sauti ɗaya ma bai gama fita ba a sakan 30.

To, sakan 30 kuwa shi ne ma'aunin Spotify, manhajar sauraren kiɗa ta intanet. Da zarar mai sauraro ya kai nan, an ƙirga saurare ɗaya, ko kiɗan na minti biyu ne ko na awa guda. Lissafin ba wuya: makaɗin da ya saki aikinsa na minti 40 a dunƙule yana da ƙirge ɗaya daga mutumin da ya ji shi har ƙarshe, wanda kuma ya yanka nasa gida 20 yana da ƙirge 20 daga mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Tun daga 2024 an ƙara wani sharaɗi, cewa kiɗan da bai samu saurare 1,000 cikin wata 12 ba, ba ya samun ko kwabo. Ga makaɗin da masoyansa ɗaruruwa ne warwatse a duniya, wannan kusan korar hannu ce.

Akwai wata ƙa'idar da ta fi ba ni mamaki. A shekarar ce kamfanin ya fara aiki da sharaɗin cewa naɗin ƙarar ruwan sama, na injuna da makamantansu sai ya kai minti biyu kafin a biya shi. An yi haka ne don maganin masu loda guntayen ƙarar fanka dubbai suna kwasar kuɗi, kuma ba na ganin laifin niyyar. Amma wa zai shata iyaka tsakanin ƙarar inji da kiɗan da aka gina da ƙarar inji? Jiragen Schaeffer a wane layi za su tsaya?

An ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A nan kuɗi ne ke kiɗan, makaɗa ke rawar. Ana jin alamar a sabbin faya-fayai da dama: guntaye na minti biyu ko uku, fiyano mai laushi, ba tashi ba faɗuwa, an gyara su tsaf don su shiga jerin kiɗan barci ko na karatu, inda miliyoyin saurare suke. Ba na zagin mai neman abin rufin asiri. Sai dai kiɗan da aka tsara don kada a lura da shi kishiyar kiɗan gwaji ne, ko da na'urori iri ɗaya aka yi su.

Su ma masu dogon zangon ba duka ne na ƙwarai ba, kuma masu sharhi kan yi musu sassauci fiye da kima. Yanzu da kwamfutar cinya da makirufo ɗaya mutum zai yi abin da a da sai a ɗakin rediyon gwamnati, don haka faya-fayan sun yi yawa, tsawo kuma ya zama mafakar wanda ba shi da abin faɗa. Za ka ga faifai da bayani mai shafi uku kan falsafa da sauyin yanayi, ka kunna ka tarar da amo ɗaya kwance minti 50 ba motsi. Gwajina mai sauƙi ne: in saurara kafin in karanta bayanin. Idan a minti na 20 kunnena yana tambayar me zai biyo baya, makaɗin ya cancanci tsawonsa. Idan kuwa sai takarda ce za ta gaya mini abin da ya kamata in ji, to marubuci ne ya yi aikin.

Inda dogon faifai ke numfashi a yau shi ne wuraren da ake sayensa ɗungurum. A Bandcamp, wani shafin sayar da kiɗa a intanet, makaɗi ne ke sa farashinsa, kamfanin ya ɗauki kashi 15 cikin ɗari na cinikin da aka sauke ta intanet, kuma tun daga Maris na 2020 akwai wasu ranakun Juma'a da yake yafe kasonsa. Mutum ɗari biyu da suka sayi faifai a nan sun fi wa makaɗi amfani nesa ba kusa ba a kan dubbai da suka ratsa ta kansa cikin barci. Shi ya sa ƙananan kamfanonin wannan fanni, daga Turai har zuwa Nyege Nyege Tapes na Kampala, suka kafa rumfunansu a can, wasu ma har da kaset.

Abin damuwar shi ne rumfar haya ce. An sayar da Bandcamp ga Epic Games a 2022, aka sake sayar da shi ga Songtradr a 2023, inda kusan rabin ma'aikatansa suka rasa aiki. Fannin kiɗa guda ya jingina rayuwarsa a kan kamfani ɗaya da ya sauya hannu sau biyu cikin shekara biyu, kuma makaɗan ba su da ta cewa kan wanda zai saye shi gobe.