Ladabin ciniki: abin da na gani a Kumasi da ban saba gani a Kano ba

Ni Bakano ne, a Kantin Kwari na koyi auna yadi, amma yanzu a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Ghana, nake zaune, kuma harkata tana kasuwar Kejetia. Abin da nake so 'yan kasuwarmu na gida su ji shi ne: mun iya tarbar babban mai saye, ƙarami ne muke yi wa riƙon sakainar kashi.

A Kwari, mai babbar riga yana leƙowa za a tashi. "Ranka ya daɗe, Alhaji, bismillah." Ga kujera, ga ruwan sanyi. Yarinyar da aka aiko sayen yadi biyu na atamfa kuwa sai ta gaji da tsayuwa, in ta yi magana a ce, "Ke, jira mana!"

A nan Kumasi gaisuwa ce ke buɗe ciniki, ko ashana ka zo saya. Wanda ya faɗo shago bai gaida kowa ba, sai a dube shi kawai. Amma in ka gaisa, an ba ka haƙƙinka. Akwai wata Hajiya mai sayar da shinkafa da manja a unguwar Asawase. Yaro zai miƙo mata sidi biyar, kuɗin Ghana, a dunƙule, ta warware, ta ce, "Ɗana, me Mama ta ce a kawo?" Ta ɗaure masa leda, ta ƙara gyara, ta ba shi canji da hannun dama. In hannun daman na cikin manja, sai ta tallafo hagun da shi tana ba da haƙuri. Yaro fa! Kuma haka Asantawa maƙwabtanta suke, ba sa raba bakinsu da roƙo da godiya. Tsofaffin da har yau suke lissafi da tsohon kuɗi, na kafin a cire sifili huɗu a 2007, ba a yi musu tsawa. A hankali ake juya musu farashin.

Inda Kano ta fi, a ganina, wajen tayi ne. Ka taya ƙasa, a ce "albarka", ku rabu da fara'a. A nan, ka taya da sassafe ka tafi ba ka saya ba, wata sai ta ɓata rai.

Sai dai wannan bai dame ni kamar wulaƙanta ɗan aike ba. Gidan da ya aiko shi kullum yake saye, Alhaji kuwa sai sallah ta matso ake ganinsa.