Ranar da na gano kayan tarihi

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Sikotilan ne ya ja mini. Hoto ya turo ta WhatsApp, yana tsaye a tsakiyar wasu zabga-zabgan duwatsu da aka kakkafa a da'ira, ga ruwan teku a baya, iska na neman tafiya da hularsa. Wai wurin Kalanish sunansa, a tsibirin Luwis. Duwatsu 13 sun kewaye wani dogo mai tsayin kusan mita 5, kuma sun yi wajen shekara 5,000 a tsaye. Da ya tsaya nan da mun rabu lafiya. Sai ya ƙara da cewa, "Kawu, ku fa a gida ba ku damu da tarihi ba."

Ni? Malamin firamare, haifaffen ƙasar Birnin Kudu, inda zanen shanun mutanen da yake a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa? Inda Baturen nan Bernard Fagg ya zo a shekarun 1950 ya rubuta labarin duwatsunmu masu ƙara kamar ƙararrawa in an buga? Gaskiyar magana dai, ban taɓa taka wurin ba. A allo nake zuwa, da alli.

Ranar Asabar na shirya, na kuma rantse ba zan hau acaɓa ba, tunda ɗan ƙanwar tawa ma a ƙafa ya je. Uwargida ta dube ni, ta dubi takalmina sau-ciki na Sallah, ta ce, "Malam, wa ya rasu?" Na ce tarihi za ni gani. Ta ce, "To, in kun haɗu ka ce ya aiko da kuɗin cefane."

Yaron nan cikin sanyi ya yi tasa tafiyar. Ni Afrilu na zaɓa. Na baro hanya na yanke ta gonaki wai don kusa. Kafin hantsi ruwan ledata biyu sun ƙare, ƙarangiya ta yi wa wandona ado, takalmin kuma ya fara cin diddigena kamar yana bin bashi. Wani mai sharar gona ya ce mini, "Ai ka zo, bayan waccan kukar ne." Kuka bakwai na wuce.

Dab da azahar, a gindin wani tsauni, ƙarƙashin tsamiya, sai ga su. Duwatsu jere reras a da'ira, tsakiya share tas, ga wani babba a gabas. Gabas fa! Na san mutanen da suna lura da rana da wata in za su kafa irin waɗannan. Gabana ya faɗi. Har na fara tunanin sunan da za a sa wa wurin, da hular da zan sa in 'yan jarida sun zo. Na shige tsakiya, na dafa babban dutsen, na ɗauki hoto na tura: "Ga namu nan. Ko Bature bai taɓa gani ba."

Gyaran murya na ji a bayana. Wani dattijo Bafulatani ne riƙe da buta, idonsa a ƙafata.

"Malam, a garinku da takalmi ake shiga masallaci?"

Na fito da baya-baya. Duk da haka ban saduda ba, na ce, "Baba, wurin nan zai kai shekara nawa?"

"Da kakar bara ni da yarana muka jera shi, da muka sauka nan. Wancan babban ɗan autana ne ya mirgino shi."

Dutsen Habude kuwa, ya ce tun ɗazu na ba shi baya. Da ya ji ni malami ne, sai ya tura ni gaba na ja su salla, ƙafa duk ƙuraje. Bayan mun idar ya ba ni nono a ƙoƙo, ya roƙi wani mai amalanke ya rage mini hanya. Haka na shigo gari a kan takin gona, takalmi a hannu.

Ina sauka waya ta kama sabis. Ashe yaron nan ya riga ya tura hoton zauren dangi, mutum sama da 60. A ƙasa ya rubuta: "Kawu, masha Allah. Amma waccan tabarmar da ke rataye a tsamiya, ita ma ta mutanen da ce?"