Zuƙe kitse da lesa ba maganin ƙiba ba ne

A gidajen biki a Zariya, daga Tudun Wada har Samaru, za ka ji ana cewa wance ta je an narkar mata da ƙiba da lesa, wato wani haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa. Ba haka abin yake ba.

Likita yakan ɗan tsaga fata, ya zura siririn bututu mai hasken lesa, zafinsa ya narkar da kitsen da ke ƙarƙashin fata, sannan a zuƙe shi. Ana yin sa ne inda kitse ya ƙi tafiya duk da motsa jiki, kamar ƙasan haɓa, damtse, cinya ko gefen ciki, ga wanda jikinsa bai yi nauyi sosai ba. Abin da ke raguwa a sikeli kaɗan ne.

Shi kuwa kitsen da ya lulluɓe hanji, mai fito da tumbin magidanta, bututun ba ya kai gare shi, alhali shi ne ke da alaƙa da ciwon sukari. Kitsen da ya saura ma yana ƙaruwa in aka koma wa soye-soye da lemon kwalba. Kuma tiyata ce fa: akwai kumburi, rigar matsi ta makonni, wani lokacin har ƙuna.