Makami mai linzami ne ko jirgin sama? Ku fara duba agogo

Jiya wani ɗan'uwa ya turo mini bidiyo a WhatsApp: farin layi ya miƙe tsaye a sama da almuru, bakinsa na ƙyalli ja-ja, an rubuta a ƙasa wai makami mai linzami aka harba. Abin ya ɓata mini rai, domin na san dattawan da irin wannan saƙo ke hana su runtsawa.

An taɓa yin wannan gardama a Amurka. Ranar 8 ga Nuwamba 2010, jirgi mai saukar ungulu na gidan talabijin na KCBS ya ɗauki hoton irin wannan layi a saman teku kusa da Los Angeles, daidai faɗuwar rana. Ƙasar ta ɗauki zafi, har da masana harkar tsaro a cikin masu cewa makami ne. Daga baya ma'aikatar tsaronsu ta ce sawun jirgin sama ne, masu bin diddigi kuma suka danganta shi da jirgin da ya taso daga Hawai.

To me ya ruɗi mutane? Jirgin da ke tafiya sama da kilomita 8 daga ƙasa yana cikin sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Tururin da injinsa ke fitarwa nan take yake daskarewa ya zama ƙanƙara, shi ne farin layin. In jirgin daga nesa yake tahowa yana fuskantarka, sai ka ga kamar daga ƙasa ya tashi yana hawa, alhali a miƙe yake tafiyarsa. Kamar dogon titi ne, in ka tsaya a tsakiyarsa sai ka ga ƙarshensa ya haɗe da sama. Jan da ke bakin layin kuwa, hasken rana ne da bai gama faɗuwa ba a can sama, ko da mu nan an kira magariba.

Ni ma'aunina lokaci ne. Makami ba ya jira. Cikin 'yan mintoci injinsa ya gama ci, ya ɓace. Abin da ka tsaya kana kallo minti goma yana jan jiki, har ka kira maƙwabci ya zo ya gani, jirgi ne.

Ban ce ba a taɓa ganin na gaske ba. Ranar 9 ga Disamba 2009 mutanen arewacin Norwe sun ga haske yana murɗawa a sama kamar katantanwa, Rasha kuma ta amsa cewa gwajin makaminta Bulava ya samu matsala.

Na tambayi ɗan'uwan nawa: wa ya ɗauki bidiyon, a wane gari, da ƙarfe nawa? Ya ce shi ma turo masa aka yi. Na roƙe shi don Allah ya goge shi daga zauren gidanmu kafin Hajiya ta gani.