Samari, mu daina cewa "me ya kai ta ofishinsa?"

'Yan uwana samari, don Allah mu faɗa wa juna gaskiya. Duk ranar da wata ɗaliba ta fito ta ce lakcara ya neme ta, kafin ma a gama jin zancen guruf ɗin WhatsApp ya cika da "ai su ma 'yan matan nan", "wace shiga ta yi", "me ya kai ta ofishinsa". Furojet ɗinta ne ya kai ta mana! Shi ne supabaiza, sa hannunsa take jira, maki na hannunsa, in ya ga dama ya maƙala mata keri-oba ta ƙara shekara alhali da kyar babanta ya haɗa kuɗin rijista, sannan ya ce ta dawo bayan la'asar lokacin da kowa ya watse, kuma ta zo ita kaɗai ban da ƙawa. Wallahi masu hijabi har ƙasa ba su tsira ba, matan aure ma haka. A ma'aikatu ma haka oga ke yi wa 'yar bautar ƙasa da ke jiran ya sa mata hannu a takardar kiliyarans ta wata-wata.

A 2018 kotu ta ɗaure Farfesa Richard Akindele na jami'ar Obafemi Awolowo (OAU) da ke Ile-Ife shekara biyu bayan hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi kan neman ɗalibarsa da lalata don ya ba ta maki, kuma muryarsa da ɗalibar ta naɗa a waya ce ta tona shi. Da baki kawai ta zo da shi, wa zai saurare ta?

Nan Kaduna muna da dokar VAPP, wadda ta haramta cin zarafin mutane, tun 2018, ga cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata a asibitin Gwamna Awan na Kakuri da na Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, amma ina amfaninsu in tun a gida an toshe wa yarinya baki da "rufa wa kanki asiri, wa zai aure ki".

Na san ana ƙazafi, kuma zunubi ne babba, ai shi ya sa ake bincike. Amma mu tun kafin binciken mun gama yanke mata hukunci, shi kuwa muna ta "ai malam mutumin kirki ne, sahun farko yake salla".

In ƙanwarka ko 'yar ajinku ta buɗe maka cikinta, kar ka fara da tuhuma. Ce mata kar ta goge saƙo ko ɗaya, ta adana sikirinshot, ka raka ta ofishin kula da harkokin ɗalibai da ƙafarka, kuma ka ji tsoron Allah kar hotonta ko sunanta ya fita daga wayarka.