Muryar Da Ta Ratso Bango

Shekara 32 na yi ina koyarwa a lakwal, yara cike da aji kullum, har kunnena ya riga ni yin ritaya. Ban damu ba, don kurumta ma da ranarta. In uwargida ta ce "Malam, kuɗin cefane," sai in ce "Lahiya lau, ya gajiya?" in wuce abina.

Ɗana da ke Faransa ne ya ɓata mini wannan jin daɗi. Da ya zo hutu ya kai ni Yamai aka auna kunnen, aka saita mini na'urar ji, 'yan ƙanana biyu kamar ƙwarar gujiya, ana maƙalawa a bayan kunne. Ya haɗa su da salulata ta Bluetooth, ya ce duk abin da zai fito daga wayar, kira ko saƙon murya, cikin kunnena zai faɗa kai tsaye ba igiya, muddin tsakanina da ita bai wuce kamar mita 10 ba. Wai ya ƙara da cewa bango ba ya tare shi gaba ɗaya. Wannan ne ban ji ba, don lokacin na cire su ina duba ƙanƙantarsu.

Wata Asabar masu neman auren autata suka zo daga Tibiri, dattawa huɗu, kawun yaron ne jagora. Muna zaure, an kawo ruwa da goro. Salula kuwa na baro ta ɗaki tana caji.

Kawun ya gyara murya ya fara, "Alhaji, mun zo ne neman iri..." Sai na ji muryar mace tsakiyar kaina, ras: "Yaya, wannan kawun nasu marowaci ne, ko kudan da ya faɗa masa a fura sai ya tsotse shi kafin ya yar."

Na waiga. Ba mace a zauren. Na yi a'uziyya a zuci.

Kawun ya ci gaba, muryar ta sake dawowa daga farko. Ashe uwargida ce ta ɗauki wayata tana buɗe saƙon ƙanwarta na WhatsApp. Ta danna, shiru. Ta ƙara sauti har ƙarshe, ta sake dannawa. Ita ba ta jin komai, ni kuwa kaina kamar lasifikar masallacin Juma'a.

A karo na huɗu haƙurina ya ƙare. Na daka tsawa: "To mun ji marowaci ne! Sai a yi yaya?"

Zaure ya yi tsit. Kawun yana riƙe da goro guda da ya raba huɗu zai miƙa wa 'yan'uwansa. Ya dubi goron, ya dube ni, ya mayar da shi aljihu.

Ban gama neman abin cewa ba saƙo na biyu ya shigo: "Kuma in Malam ya ce ba shi da kuɗi, ki laluba aljihun babbar rigarsa ta sallah, ai ba ji yake ba." Na miƙe zumbur na ce, "Jikata goma! Ashe ke ce!" Wani dattijo ya matso ya fara tofa mini addu'a a ka.

Sai da jikana ya zo ya yi musu bayani, ya sa wa kawun na'urar a kunne don ya gaskata. Kuskuren da muka yi ke nan, don uwargida ba ta daina dannawa ba.

An dai ɗaura auren bayan wata biyu, kawun ya aiko wakili. Uwargida kuma ta gane amfanin abin: yanzu daga madafa take ɗaukar muryarta a wayata ta kunna, "Malam, kuɗin cefane." Na auna taku goma sha biyar daga ƙofar ɗakinta, na mayar da tabarmata gindin dogon yaron maƙwabci. Jiya na ga jikana ya taho, wayar na aljihunsa.