Ga wanda ya ce hassada ce ta hana mu taya shi murna

A kwanakin baya wani daga cikinmu 'yan fim ya ɗora hotonsa a Facebook da Instagram, rungume da wani allon gilashi da aka miƙa masa a zauren otal, ya rubuta a ƙasa cewa duk abokin sana'ar da bai taya shi murna ba hassada ce take cin sa, har ya ƙara da cewa da a Amurka Allah Ya yi shi, da tuni lambobin yabon can sun cika masa falo. Ina cikin waɗanda suka yi shiru. Tun da kuwa shi ya kawo zancen Amurka, na ga ya dace in bayyana masa, shi da masu yi masa tafi, yadda 'yan wasan can suke karrama junansu, domin ya auna da kansa ko zai kai labari a wannan fage. Ba zan kama suna ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Bikin da nake nufi shi ne wanda aka fi sani da SAG Awards, na ƙungiyar 'yan wasan fim da talabijin ta Amurka. An kafa ƙungiyar a 1933, a zamanin da manyan kamfanonin Hollywood suke aikatar da 'yan wasa dare da rana ba mai cewa uffan, ta kuma haɗe da takwararta ta ma'aikatan rediyo da talabijin a 2012. An fara bikin a 1995, inda Tom Hanks da Jodie Foster suka karɓi kambun gwarzon jarumi da gwarzuwar jaruma a ɓangaren fim, kuma tun daga lokacin ake yin sa kowace shekara a yankin Los Angeles. Babu kyautar darakta a cikinsa, babu ta marubuci, iya wasa kawai ake dubawa, ko a fim ko a shiri mai dogon zango na talabijin. Abin da ake bai wa wanda ya ci gunki ne na tagulla mai nauyin fiye da kilo 5, riƙe da fuskoki biyu, ta dariya da ta kuka.

Nauyin da ya fi na tagullar shi ne na hannun da ya yi zaɓen. Ana yin ƙuri'a a fitar da mambobi 2,500 su tantance fina-finai, wasu 2,500 kuma su tantance shirye-shiryen talabijin, daga nan sai a buɗe wa duk mamban da ya biya kuɗin ƙungiya ya jefa ƙuri'arsa, kuma mambobin nan sun haura 100,000. Ma'ana, wanda yake fitowa a matsayin mai gadi ya faɗi magana ɗaya ya wuce, ƙuri'arsa daidai take da ta jarumin da hotonsa yake jikin fasta. Mutanen da suka san wahalar haddace magana, suka san yadda ake maimaita fitowa ɗaya sau goma cikin rana har murya ta dushe, su ne alƙalan. 'Yan kallo ana iya ruɗarsu da kyan fuska da tsadar shadda, amma wanda ya tsaya gaban kyamara tare da kai ya san ko hawayen naka na aiki ne ko na mai kwalliya ne. To ina so mutumin namu ya zauna shi kaɗai, ba tare da 'yan koren da suke zuga shi ba, ya lissafa mutum nawa ne cikin waɗanda suka taɓa aiki da shi za su ba shi ƙuri'arsu idan aka tabbatar musu ba zai san wanda suka zaɓa ba.

Kyautar da ta fi kowace daraja a daren ma ba ta mutum ɗaya ba ce, ta ayarin 'yan wasan fim ce baki ɗaya, kowa ya hau dandamali ya karɓi nasa. A 2020 ayarin fim ɗin Parasite na Koriya ta Kudu ne ya ɗauke ta, karon farko da fim ɗin da ba da Turanci aka yi shi ba ya samu, kuma zauren ya miƙe tsaye dominsu. Tun 2008 aka ware wata kyautar ga masu yi wa jarumai wasan kasada, waɗanda suke faɗowa daga bene ko su kife da mota amma ba a ganin fuskarsu. Sun gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, abin da wani a cikinmu ya shekara fiye da goma yana aiki bai yarda da shi ba.

Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Mun taɓa haɗuwa da shi a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, an kira kowa da hantsi, bai iso ba sai da aka idar da la'asar, kuma da ya iso bai ce wa kowa sannu ba. Akwai wata dattijuwa da a shekaru ta haife shi, wadda ta fara wannan sana'a tun yana makarantar firamare, ta wuni a kan benci tana jiran fitowa biyu kacal da za su yi tare. Da aka zo ɗauka ya ce wa darakta a rage maganarta domin tana cinye masa lokaci. Baba ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, ɗana," amma na ga yadda hannunta yake rawa sa'ad da take gyara mayafi. A wannan aikin dai akwai wani yaro mai riƙe fitila da ya yi kwana tara a shirin da shi wannan mutumin ne furodusa, aka ce ya je za a turo masa sallamarsa.

A 2023 'yan wannan ƙungiya ta Amurka sun shafe kwana 118 suna yajin aiki, daga Yuli zuwa Nuwamba, a kan haƙƙinsu daga kamfanonin da suke haska fina-finai ta intanet, da kuma fargabar a ɗauki surar mutum da muryarsa a riƙa sarrafa su da kwamfuta ba da izininsa ba. Manyan taurarin da ba su rasa ci ba su rasa sha ba sun fito titi cikin rana tare da ƙananan, wasunsu kuma sun zuba miliyoyin daloli a asusun tallafa wa waɗanda yajin ya hana biyan kuɗin haya. Idan irin waɗannan suka hau dandamali aka tafa musu, an san abin da ake tafawa.

Ban raina bukukuwan karramawa na gida ba, akwai waɗanda masu shirya su suke aiki tsakani da Allah, kuma na sha yin murna da abokan sana'a har zuciyata. Wannan dai da ake ta yayatawa, mu da muke ciki mun san wanda ya biya kuɗin zauren, mun san wanda ya ɗauki nauyin abincin, mun kuma san cewa sunan gwarzon ya riga fitar da sunayen 'yan takara. Shirun da muka yi kunya ce irin ta Bahaushe, domin ba mu so mu faɗi abin da muka sani a gaban jama'a, shi kuma ya fassara ta da hassada.

Idan yana son in taya shi murna, hanyar a buɗe take, kuma zan yi a fili da sunana. Ya fara zuwa gidan Baba ya durƙusa ya ba ta haƙuri, sannan ya nemi yaron nan mai fitila, wanda na haɗu da shi makon jiya ya ce mini har yau bai ga ko kwabo ba, kuma bai canja lambar wayarsa ba.